Inda Baffa Ya Binne Shanu

Ƙanena Usaini, in ka ba shi sanda ka ce ya kora shanu, kafin la'asar sai ka fita neman shi da shanun gaba ɗaya. Shi ya sa da hakimi ya aiko a ba da yaro ɗaya makarantar boko ta Safana, mahaifinmu Baffa ko shawara bai yi ba, ya miƙa shi. Daga Safana sai Katsina, sai Zariya, har ya zama masanin ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, wani ɗakin bincike na soja ya ɗauke shi aiki, da gida da mota.

Gab da faɗuwar damina sai ga shi a rugarmu, bayan Ruma, cikin landiroba. Tare da shi akwai wani Manjo Armaya'u da leburori riƙe da diga da shebur. Bayan mun gaisa, Usaini ya ja ni gefe.

"Hamma Yero, ramin Baffa suke nema."

Muna yara ciwon saifa ya faɗa wa garkenmu, saniya tana tsaye sai ta kife, jini na fita ta hanci. Mu Fulani ba ma feɗe irin wannan mushe. Baffa ya haƙa rami mai zurfi a daji, ya binne su, ya shimfiɗa ƙaya, ya nuna mana wurin mu biyu don kada mu taɓa kai kiwo. Yanzu ƙayar ta ruɓe, ciyawa ta rufe. Baffa kuma ya rasu, daga ni sai Usaini muka san wurin.

Na ce, "Kai, ka haukace?"

Ya ce shi ya ba su labarin ramin, don aikinsa haɗa rigakafi ne saboda sojoji, kuma cutar tana kwana cikin ƙasa shekara da shekaru da ranta. Ya ɗauka shi kaɗai zai zo da rani, ya ɗebi 'yar ƙasa cikin kwalba. Sai a Safana ya ga an loda leburori, Manjo ya ce tone ramin za a yi duka a kwashi ƙashi.

Mu kuwa mun san ramin yana saman gangare, tafkin da shanun Ruma da na Darini suke sha yana ƙasansa. Ruwan fari kaɗai ya isa ya wanke komai ya zuba ciki.

Manjo ya gaji da jira, ya taso yana buga sanda a cinya. "Malam Usaini, mu tafi."

"Yallaɓai, ba zan nuna ba. Ga hadari can, ga mutanen nan hannu tsirara. In aka buɗe ramin nan, su za su fara mutuwa, shanu su bi."

"Tambayarka na yi? Umarni ne!"

"Na ji. Ba zan nuna ba."

Wallahi ban taɓa jin muryar yaron nan haka ba. Manjo ya ce masa ya tuna wanda yake ba shi albashi, ya tuna gidan, ya tuna motar. Usaini ya ce duk ya tuna. Sai Manjo ya juyo kaina, wai in ban kai su ba, a Batsari zan kwana a kulle.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga daji nan daga nan har Zamfara, ka fara tono daga inda ka ga dama. Ni dai ban da ni."

Leburorin da suka ji ana zancen mutuwa, ɗaya bayan ɗaya suka jingine digoginsu jikin mota. Manjo ya dube su, ya dubi sama, ya nuna Usaini da sanda.

"Kada in ƙara ganin ƙafarka a bakin ƙofarmu."

Suka tayar da mota, har da akwatin Usaini a ciki. Muka tsaya muna kallo har ƙararta ta ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai, karatun da ya ci ƙuruciyarsa ke nan ya bi hanya.

Na ce, "To yanzu ina za ka?"

Ya tsuguna yana kwance igiyar takalminsa. "Ban sani ba, Hamma. Ka dai ara mini gatari, gobe mu sake sa wa wurin ƙaya kafin ruwa ya sauka."