Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Mudassiru yana da shekara arba'in ba biyu, kuma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa, Iya Kulu, ba. Shi ne ɗan fari. Idan Iya tana son kiransa sai ta ce "kai". Idan tana ba wani labarinsa sai ta ce "wancan". Ko mai gyaran injin ban-ruwa na Bunkure da suke suna ɗaya, "mai sunan wancan" take ce masa. A ƙauyensu ba wanda yake ganin wannan abin magana ne. Kunyar ɗan fari ce, haka tsofaffi suka taso. Shi ma haka ya ɗauke ta, har lokacin da matan gidan suka fara kallon fim a waya.

Sana'ar matan gidan turara shinkafa ce. Idan an sauke tukunya an baza shanshera a tsakar gida, sai a zauna gadin kaji da awaki, a nan matarsa Surayya take jingina wayarta da kwano su yi kallo. Wata ranar yana gefe yana gyaran injin feshi, ya ji Iya tana tsaki.

"Dubi wannan don Allah. Ƙato da gemu ta rungume shi tana rusa kuka. Daga ina ma ya dawo?"

"Daga Kaduna, Iya."

"Kaduna! Na ɗauka daga lahira."

Surayya ta yi dariya. "Ƙauna ce, Iya. Ni wallahi duk sanda na kalli wurin nan sai na yi hawaye."

"Ke ai ko albasa aka ambata sai ki yi. Wace ƙauna? Tun da ya shigo ba ta tambaye shi ko ya ci abinci ba. Sai kiran suna kamar mai talla. Kuma ba kin ce shi ne na farinta ba?"

"Shi ne."

"To ba ta da ta ido. Waɗannan ba su san uwa ba, jan baki suka sani. Da ni aka saka da na nuna musu."

Mudassiru bai ɗago kai ba, amma maganar ta bi shi har gona. Ya san matar fim ƙarya take yi, biyanta aka yi ta yi kuka. Ya kuma san Iya ce ta goya shi a ƙafa har asibitin Kura lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi. Ƙanwar babansa ce ta ba shi labari, ita Iya ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Duk da haka, yana tsaye cikin tumatirinsa yana juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, ya tarar abin da yake so shi ne na matar fim ɗin. Yana son ya ji yadda sunansa yake fita daga bakinta, ko sau ɗaya ne.

Autan Iya, Nasiru, shi da abokansa suna haɗa gajerun finafinai da waya suna turawa mutane. Suna kan wani labari na ɗan da ya yi fushi zai bar gari, uwarsa ta biyo shi bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan da ta ratsa gonakin, tana kiransa daga ɗaya tsallaken. Matar da za ta zo daga Kano ta fito a uwar ta fasa ana saura kwana biyu. Surayya ce ta tuna wa Iya cika-bakinta, a gaban kowa, tana dariya. Iya ba ta saba janye magana ba. Ta ce za ta yi, amma bayanta kawai za a ɗauka, fuskarta ba za ta shiga wayar kowa ba.

Washegari Mudassiru ya sami ƙaninsa a bakin hanya yana wanke babur.

"Yaron labarin nan naka, yaya sunansa?"

"Ɗanladi."

"Ka mai da shi Mudassiru."

Nasiru ya ajiye soso ya dube shi. Ya fara dariya, da ya ga yayan nasa ba ya yi sai ya daina. "Yaya, ka san fa ba za ta faɗa ba."

"Ta yi alkawari a gaban mutane. Kuma ba ni za ta kira ba, mutumin cikin fim za ta kira."

"Ni idan ta juyo kaina fa?"

"Ka ce ni ne."

A hanyar komawa ya yi ta kare kansa a zuci. Ba ƙarya ya yi ba. Suna ne kamar kowane suna, kuma babu inda addini ya hana uwa kiran ɗanta. Amma ya san abin da ya haɗa tarko ne, don da ba tarko ba ne da ya je ya roƙe ta kai tsaye. Ya auna wannan, ya ga nauyinsa, bai fasa ba.

Ranar ɗauka da hantsi suka hallara a bakin kanal. An sako ruwa, yana gudu har yana taɓa leɓen siminti. Salim tela, wanda zai fito a ɗan, ya haye ƙaramar gada ya tsaya a tsallake da jaka a kafaɗa. Wasu mata masu cirar ciyawa a gonar shinkafa suka miƙe suna kallo. Iya ta zo da sabon hijabinta ruwan toka, ta tsaya inda aka nuna mata. An ba Mudassiru farin kwali ya riƙe don haske.

"Iya, ga yadda za a yi," in ji Nasiru, idonsa a kan waya. "Zai juya ya kama tafiya. Ke kuma sai ki ɗaga murya ki ce masa ya dawo. Ki kira sunansa."

"Ɗanladi ko?"

"An canza." Ya gyara riƙon wayar. "Mudassiru ne yanzu."

Iya ba ta motsa ba. Can ta juyo, ba ta ko dubi autan nata ba, ta dubi mai riƙe da kwali. Ta yafito shi da hannu, ta yi gaba zuwa gindin wata darbejiya, ya bi ta.

"Kai ka sa?"

"Ni ne, Iya."

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To me kake nema?"

Ya ce, "So nake in ji."

Ta mai da idonta kan ruwa. "Shekara kusan arba'in kana cin tuwona, ashe yunwa kake ji." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Ka san wa ya zaɓi sunan? Babanka wani ya so, sunan malaminsa. Ni na aika masa da wannan ta bakin gwaggonka. Tun ranar ban ƙara ba. Ba don na manta ba ne."

"Idan ba za ki iya ba, a bari."

"Wa ya ce maka ba zan iya ba? Ni ban ga abin da yake ba ni tsoro a garin nan ba. Amma ba zan kira ɗan wata da shi ba. Ka ce wa telan nan ya sauko. Kai ka je ka tsaya."

Ya so ya ce wani abu, ta riga ta koma wurinta.

Nasiru ya yi ƙorafi cewa sauran fitowar duk da Salim aka ɗauka, fuska ba za ta zo ɗaya ba. Iya ta ce ai ƙeya ƙeya ce. Aka cire wa Salim jaka da hula aka ba Mudassiru. Ya haye gadar. Daga tsallaken ya hango ta yadda bai saba ganinta ba, 'yar ƙarama, ta damƙe bakin hijabinta da hannu biyu. Masu cirar ciyawa sun matso. Ɗaya a cikinsu ƙawarta ce tun ƙuruciya, ta rufe baki da tafin hannu.

"Yaya, ka juya ka yi ta tafiya," Nasiru ya ƙwala masa. "Ko ta kira kada ka waiwayo, haka labarin yake. Mu je!"

Ya juya. Taku ɗaya, biyu, uku. Ba ya jin komai sai ruwa. A taku na bakwai ya fara tunanin ta fasa, har ya ji wani sauƙi-sauƙi.

"Mudassiru!"

Babu kuka a ciki, babu rawar murya. Da ƙarfi ta faɗe shi, a gajarce, kamar yadda take kiran mutum idan tuwo zai huce. Ta ja "si" ɗin ta yadda ba wanda yake ja.

"Na'am, Iya!" Ya riga ya juyo kafin ya sani.

"Kai Yaya! Ka ɓata!" Nasiru ya dafe kai. "Na ce kada ka waiwayo. A sake, a sake."

"Ba a sakewa," in ji Iya. Ta gyara hijabi, ta bi gefen kanal ta nufi gida, ba ta dubi ƙawarta ba, ba ta dubi kowa ba. Tafiyar tata da sauri ce fiye da yadda ta saba.

Mudassiru ya hayo ya miƙa wa Salim jakarsa da hularsa. Nasiru yana ta duba abin da ya ɗauka, fushinsa ya fara sauka.

"Ka ga, ba laifi. Zan yanke daga inda ka juyo. Muryar ta fita tas. Wallahi wannan wurin kaɗai zai sa fim ɗin ya zaga, daga nan har Garun Mallam kowa sai ya nema."

"Mu gani."

Mudassiru ya karɓi wayar. Ga bayan Iya, ga ruwa, ga shi can yana tafiya. Saura kaɗan a zo wurin ya tsayar. Ya hango matan ƙauyen zaune a tsakar gidajensu suna maimaita wurin nan suna dariya, ana cewa ku zo ku ji Kulu ta kira ɗan farinta. Ya kuma hango kansa, shi kaɗai a gona, yana kunnawa duk sanda ya ga dama. Na biyun ya fi ba shi wuya. Ya tsaya a kai har Nasiru ya miƙo hannu.

Ya danna gogewa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ƙara dannawa.

"Yaya! Me ka yi?"

"Ka mai da shi Ɗanladi. Ka nemo wata tsohuwar, ni zan je in ɗauko ta a babur ko daga ina ne."

"To ai kai ka nema! Yanzu da me ka tashi?"

"Na ji," in ji Mudassiru. Ya ɗauki fartanyarsa daga gindin darbejiya, ya gangara gona kafin a rufe ruwa.