Gishirin Miyar Ikilima

Duk Garo an san Malam Bashari da matarsa Ummu Hani ba su taɓa haɗa baki a kan abu ɗaya ba, in ka cire salla da azumi. Shekara arba'in da ɗoriya suna wannan hali. In ya ce miyar kuka ce miya, sai ta ce abincin marasa haƙori, a ba ta ɗanyar kuɓewa. In rediyo ta saki waƙar fiyanon nan ta yaran zamani, ya ce kamar an take wutsiyar mage, sai ta ƙara murya har da kaɗa kafaɗa, tsofai-tsofai da ita. Ko goro, shi fari, ita ja. Kullum kuwa aka ajiye masa tuwo, loma ɗaya zai yi ya ce, "Gishiri ya yi yawa." Ita kuma daga bakin murhu ta ce, "Harshenka ne ya tsufa." Daga nan sai ya suɗe kwanon tas.

Bayan ƙaramar salla Allah ya yi wa Ummu Hani rasuwa. Gida ya yi tsit.

Ba a bar shi da yunwa ba, kar a ɗauki alhakin mutane. Ikilima, matar ɗansa Mudassir, ita ta karɓi girki, kuma hannunta na da daɗi. Sai dai kunya! Ko sunan wani Basharin daban ba ta iya faɗa, sai ta ce mai sunan Baba.

Ranar farko ta durƙusa ta ajiye kwano. Malam ya yi loma, miya ta yi zam, amma baki ya riga ya saba.

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi, ya kasa kunne.

"To, Baba. A yi haƙuri."

Washegari ta rage gishiri. Ya ce daddawa ta yi wari, ta cire daddawa. Ya ce yaji, yaji ya tafi. Shi so yake a ce masa ƙarya yake yi, ita kuwa sai cirewa take. Kafin sati biyu miya ta koma koren ruwa.

Ya gwada a waje. Ya zauna a majalisar ƙofar masallaci ya ce wai ƙosai ba abinci ba ne, kuma tsiren Gwarzo roba ne. Da a da ne, sai an yi kamar a ci shi ɗanye. Amma mutum na cikin rashi, wa zai ja da shi? Suka ce, "Haka ne, Malam." Ya dawo gida ya kunna rediyo, aka saki irin waƙar nan, ya buɗe baki zai tanka, ya waiwaya, ba kowa a kan kujerar Ummu Hani ta bakin murhu. Ya kashe. Abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi, wuyan riga ya yi masa yawa.

Ana haka sai ga Gwamma daga Mainika, 'yar kawunsa, taubashiyarsa, wadda bakinta ba ya da ƙofa. Ta leƙa tukunya ta ɗanɗana.

"Ke, wannan miya ce ko ruwan wankin ƙwarya?"

Ikilima ta fashe da kuka, ta ce Baba ya tsani girkinta, ta rasa abin da za ta ƙara cirewa. Gwamma ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido, don ta gane. Ta sake haɗa miya da kanta, ta kai wa Malam.

"Gishiri ya yi..."

"Rufe mana baki, rigimammen tsoho! Kai da ko barkono da tattasai ba ka bambancewa."

"Ni? Ku mutanen Mainika yaushe kuka san miya?"

Suna yi yana ci, sai da kwano ya yi fes. Amma Gwamma na da gidanta. Kafin la'asar ta hau acaɓa, bayan ta ja Ikilima gefe ta yi mata raɗa.

Washegari da yamma Ikilima ta kawo tuwo, miya ta dawo da komai nata. Ya yi loma.

"Gishiri ya yi yawa."

Tana durƙushe, kai a ƙasa, ta ce, "A'a, Baba. Bai yi ba."

Malam ya gyara zama, idonsa ya kawo haske. "Ni za ki gaya wa gishiri? Tun ba a haifi ubanki ba nake shan miya!"

Ya jira. Har kaza ta zo ta wuce.

"To? Ina jin ki."

"Gwaggo cewa ta yi in ce a'a. Ba ta gaya mini abin da zan ce daga nan ba."

Malam ya daɗe yana kallon kujerar bakin murhu.

"Cewa za ki yi harshena ne ya tsufa."

"Wai! Baba, wallahi ba zan iya ba."

"To, a bar shi. Ko gobe."

Ta tashi sum-sum ta shige ɗaki. Ya jawo kwano gabansa, ya faɗa wa kansa maganar a hankali, ba ta yi daɗi a bakinsa ba. Ya dai ci rabi.