Hutun Jaki da Kaya a Ka

Tun ranar da likita ya ɗaura wa Baba Kafinta robar awo a dantse ya ce jininsa ya hau, gida ya zame masa kurkuku. Autarsa, wadda ke riƙe da shi tun rasuwar uwarta, ta ƙwace makullin shago. Magana ɗaya ta yanke: in jinin bai sauka ba a awo na gaba, za ta sayar da kayan aiki, shago ya rufu ke nan.

"Likita ya ce ka huta, Baba."

"Ni? Ni da rufin kasuwa ya rufto mini a ka na fito ina kakkaɓe riga? Kogi ya haɗiye ni ya amayo ni! Jini ne zai kayar da ni? Jinin ma nawa?"

To, mu mutanen da, ba a haife mu da kujera manne a gindi ba. Aka dasa shi a falo, ga talabijin, ga fanka, ga matashin kai. Ya zauna ya tashi. Ya leƙa taga ya dawo. Ya girgiza ƙafar tebur ya ja tsaki, ya ce wanda ya haɗa shi ya ci amanar katako. Abinci ya ƙi shiga, barci ya yi ƙaura. Ya yi wa surukinsa, mijin Auta, faɗa a kan takalmi, ya yi wa kyanwa faɗa a kan hamma. Jiki na kan kujera, zuciya na can wajen gadajen mutane da bai ƙarasa ba. Hutun jaki da kaya a ka ke nan.

Wata safiya Auta na fita aiki, shi ma ya zura takalmi. Kafintan da ya kafa ƙyaure ai ba ya roƙon makulli. Ya ari sukundireba a wurin Tela, maƙwabcin shagonsa kuma sa'ansa, ya kwance ƙyauren ɗungurum ya jingine a bango.

"Kai, gyauron mutuwa!" in ji Tela. "Har na yanka maka likkafani, ka zo ka ɓata mini yadi."

"Ajiye kayanka, tsawonmu ɗaya."

Ya shiga, ƙamshin katako ya dake shi. Ya tofa yawu a tafi ya sunkuci wani katako mai kauri, don Tela ya gani ya ba da labari. Bai kai shi kafaɗa ba shagon ya juya. Bango ya koma sama, kunnuwansa suka ɗauki ƙugi. Ya saki katakon ya zube a kan benci, gumi na tsattsafo masa.

Tela ya daina dariya. "In kira 'yar taka?"

"Ka kira ta in karya maka keke."

Ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya laluba ƙarƙashin benci, ya ci karo da dutsen washi. Ya ɗiga masa ruwa, ya ɗauko wata wuƙar sassaƙa ya ɗora. Gaba, baya. Gaba, baya. Haka ya saba buɗe kowace rana kafin ya taɓa zarto, bai kuwa taɓa lissafa wannan cikin aiki ko cikin hutu ba. Numfashinsa ya bi sawun wuƙar. Kafaɗunsa suka sauko. Ƙugin kunne ya lafa. Can sai kai ya jingina da bango, baki ya ɗan buɗe.

Haka Auta ta same shi. Labari ya iske ta a wurin aiki, ta zo a fusace, mayafi na jan ƙasa. Tela ya tare ta a bakin ƙofa.

"Sassauta murya, 'yata. Yaushe rabon ki gan shi yana barci?"

Ta daɗe tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

"Tun muna samari nake zaune kusa da shi," in ji Tela. "Muddin dutsen nan na hannunsa, bai taɓa zagin kowa ba. Sai ya ajiye yake farawa."

Baba ya buɗe ido. "Ba barci nake ba. Tunani nake."

"Da minshari, Baba?"

Ta shiga ta tattara zarto da guduma ta tura a buhu. Ta miƙa hannu wajen dutsen, ya rungume shi a ƙirji. Ta janye hannun.

"Da safe kawai. A ƙafa za ka zo, ka sha magani kafin ka fito, rana na ɗagawa ka dawo gida. Ka ɗaga katako ko na ashana ne, maganar sayarwa na nan."

"Dama haka na tsara, ke ce kika riga ni faɗa."

Ya gwada bakin wuƙar a farcensa, ya ɗiga wa dutsen ruwa.

"Tela! Miƙo almakashin nan naka. Tun bara nake jin sa yana tauna yadi kamar akuya."