Kibod ɗin Injiniya

"Danne min wannan, kada ki saki," in ji Injiniya.

Maƙwabciyarsa mai gyaran kwamfuta ta ɗora yatsa a kan maɓallin gefe, shi kuma ya lalubo na sama da hannun dama. Alamar rubutu ta lanƙwasasshiyar baka ta fito a fuskar kwamfutar. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, duk alamar da ke buƙatar hannu biyu sai matarsa ta leƙa ta kira mai gyara.

Manhaja yake rubuta wa 'yarsa mai kantin magani, wadda za ta riƙa sanar da ita idan magani ya kusa lalacewa. Yaren kwamfutar da yake aiki da shi kuwa, kusan kowane layi sai da baka da waƙafi mai ruwa.

Mai gyara ta ce, "Baba, kibod ɗin nan don rubuta wasiƙa aka tsara shi, shi ya sa aka ɓoye alamomin. Masu yaren nan, a nasu kibod ɗin komai na kusa da yatsa. Bari in kawo maka irinsa."

"'Yata, hannu ɗaya ya rage min. Shi ma kina so in mayar da shi aji ɗaya?"

Ba ta ja da shi ba. Ta sauya aikin maɓallan sama da ba ya taɓawa, ta yanka filasta ta manna musu, ta zana kowace alama da biro. Ya gwada, baka ta fito da dannawa ɗaya.

"To, an kore ki daga aiki," ya ce.

Daga nan kiran ya ragu. Ya gama manhajar a hankali, 'yarsa ta kai kanti ta gwada, ta dawo ta ce tana aiki, sai dai rubutun ya yi ƙanana. Ya ce gobe zai gyara.

Da hantsi matarsa ta zo ƙofar mai gyara, ba mayafi.

"Zo ki duba min Baban naki. Na kai masa shayi bai amsa ba."

Da aka dawo daga maƙabarta kujeru suka yi kaɗan, aka fito da kujerar Injiniya mai taya aka ajiye a ƙofar gida. Wani dattijo ya zauna a kai yana karɓar gaisuwa, ya tokare ƙafa ɗaya a ƙasa don kada ta gangara.