Na'ura Shida a Rufi Ɗaya

Shekara uku ina jagorantar binciken gurɓatar iska na ƙasashe shida, kuma kowa ya san ba na ɗaukar wargi. Kowace tawaga tana da na'urar auna hayaƙi, amma tawa ce uwa. Ita ake yawo da ita ƙasa-ƙasa ana gwada sauran, wanda tasa ta saɓa ya gyara lissafinsa. Wani dattijo, shugaban ɗaya daga cikin tawagogin, shi kaɗai ya ƙi. Bara na cire sakamakonsa daga rahoto, na ce a bainar jama'a na'urarsa ta tsufa kamar mai ita. Aka yi dariya, ban da shi.

Bana muka jera na'urorin shida a rufin ofishinmu, kusa da tankin ruwa, suka shaƙi iska ɗaya kwana bakwai. Saura minti goma a shiga taro, injiniyanmu Dogo ya tare ni a matakala.

"Ranki ya daɗe, biyar bakinsu ɗaya. Guda ce ta ware."

"Ta tsohon nan ko?"

Ya sosa ƙeya. "Tamu ce. Bututunta ya tsage ta ciki, kuma tsagar ba ta yau ba ce."

Ashe shekara uku muna rage hayaƙin da mutane ke shaƙa, a takarda.

"Sai mu ce a makon nan ta lalace," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa. "Wa zai tona?"

Wallahi na so in yarda. Na shiga ɗakin taro, fanka na juyawa amma gumi na bin bayana. Kowa ya buɗe kwamfuta yana jirana. Dattijon yana can ƙarshen tebur, yana goge tabarau.

Na faɗa musu komai a tsaye, ban rage ba. Sannan na juya gare shi.

"Baba, na zalunce ka. Za mu mayar da tasharku ta auna iska cikin rahoto, daga watan nan."

Ya mayar da tabaraunsa a hankali.

"Wace tasha, 'yata? Da rahoton ya fito aka rufe ta, aka sallami mutanena. Wata goma ke nan babu mai auna iskar garinmu. Na'urar kawai na roƙa aka bar mini, don in kawo ta nan."