Ruwan da Muka Aika wa Gwamnati

Ni dai karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya. Amma a Unguwar Baraka, ɗan ƙauyenmu da ke gabas da Ruwan Bago, wannan ya isa a nemo mutum idan takardar boko ta zo. Shi ya sa ranar da Malam Halliru ya zo daga ofishin ruwa na Kano a kan babur, bayan an gama cirar gyaɗa a shekarar 1989, Mai unguwa Sulle ya ce a kira Ilu, wato ni.

Na same su a gindin darbejiya. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da dabbobi, aka sake gaisawa, sannan baƙo ya faɗi abin da ya kawo shi. Gwamnati za ta haƙa rijiyar burtsatse a wasu ƙauyuka tsakanin Karaye da Rogo, amma ba kowa zai samu ba. Kafin a zaɓa, sai an yi wata shida ana auna ruwan kowane gari.

"To Malam, wane irin gari ake zaɓa?" in ji Mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, wannan sai manya. Ni kwalba aka aiko ni da ita."

Mu kuwa burtsatsen nan muna son ta kamar me. Rijiyarmu da an gama girbi take ƙafewa, sai mu koma tafkin bayan fadama, mu sha, shanun Hammawa, Bafillacen da ke zaune kusa da mu, su ma su sha. Damina na faɗuwa kurkunu zai kwantar da mutane, daidai lokacin noman farko. Ni kaina sau biyu yana fito mini a idon sahu.

Malam Halliru ya ba ni kwalabe shida da takarda ɗaya, ya sa na karanta a gabansa. Kowane wata in wanke hannu, in ɗauraye kwalba sau uku, in ɗibi ruwa daga inda mutane ke ɗiba, in cika har wuya. In rubuta sunan gari da sunana da kwanan wata. Kada rana ta buge ta. Ranar kasuwar Rogo in miƙa wa wani direba, Ɗanmaliki, shi zai sauke ta a Karaye inda motar ofis ke biyowa.

"Abin da ke cikin takardar nan shi za ka bi, Ilu. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na ce in Allah ya yarda.

Wata na farko na bi takarda tiryan-tiryan. Na dawo daga tafki na ajiye kwalba a inuwar rumbu, na shiga in sake riga. Ina fitowa na tarar da Gwaggo Tasalla ta ɗaga ta sama tana kallo. Gwaggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe.

"Ilu, wannan kunun kanwar na wane ne?"

"Ruwa ne, Gwaggo. Na gwamnati."

"Wannan za ka kai Kano? Da sunan garin nan a jiki?"

"Har da sunana."

Ta yi salati. Ta ce ita ta ga zamanin duba-gari da idonta, mutum ya leƙa randa ya ga ɗan datti ya fasa ta a gaban jama'a, matar gida ta yi shekara ba ta ɗaga kai a wurin biki ba. Ta ce ko baƙon da ya ɓata hanya ba a miƙa masa irin wannan ruwa, balle gwamnati da ta aiko takanas.

"Gwaggo, takarda ce ta ce..."

"Karanta mini inda ta ce kada a tace."

Na karanta daga sama har ƙasa, na sake. Wallahi babu.

Sai ta ɗauko sabon farin ƙyalle ta tace ruwan a ƙwarya, ta jefa ɗan alif, ƙurar ta kwanta. Ta tsiyaye na saman ta tafasa, ta bar shi ya huce. Ni dai na dage sai an ɗauraye kwalba sau uku, aka ɗauraye. Da na riƙe ta a hanyar Rogo, tas da ita kana hango tafin hannunka ta ciki, sai na ji raina ya kwanta. Ai ruwan tafkin ne dai, ba a sauya shi ba, wanka kawai aka yi masa.

Labari ya kai kunnen Mai unguwa, ya ce Tasalla ta fitar da gari kunya. Ya ce ai a fili take, gwamnati so take ta ga wanda ya iya kula da ruwa ta ba shi famfo, wa zai ɗauki sabon abu ya danƙa wa ƙazami? Kowa ya ce haka ne. A wata na uku Hajo, matar Mai unguwa, ta kawo saiwar jema aka jiƙa a ciki don ƙamshi. A na huɗu mata suka so a turara kwalbar da turaren wuta kamar yadda ake yi wa sabuwar randa. Nan ne na ce a'a, don ina tsoron ta fashe. Aka ce Ilu ya fara jin kansa ma'aikaci.

Bazara ta yi tsakiya, tafki ya koma kamar tafin hannu, sai ga babur ɗin Malam Halliru. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidanmu, don nan inuwa ta fi, aka kawo masa ruwan randar Gwaggo a ƙoƙo. Ya shanye ya yi hamdala.

"Ranka ya daɗe, albishirinku."

"Goro," in ji Mai unguwa, yana gyara zama.

"Mai auna ruwa a ofishinmu ya ce tun da ya fara aiki bai ga ruwan ƙauye irin naku ba. Ya ce ya fi na famfon gidansa. Har ƙamshi, wai, yake yi."

Mai unguwa ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Daga bayan zana na ji Gwaggo ta yi gyaran murya irin ta wanda aka yaba.

"Saboda haka an cire sunanku. Rijiyoyi shida ne kacal, kuma na garuruwan da ruwansu ya fi muni ne. Ku Allah ya hutar da ku."

Mai unguwa ya dube ni, ni kuma na dubi yatsun ƙafata.

Malam Halliru ya duba agogo. Ya ce a tsarin ofis, kafin a rufe maganar gari, sai shi ma ya ɗibi kwalba ɗaya da hannunsa a gwada da ta mai ɗiba. Amma rana ta take, ga mutanen ƙauyen Kafin Dafga na jiransa, kuma mu namu ba abin shakka ba ne.

"Ilu, cika mini daga randar nan ma ya wadatar. Ai duk ruwa ɗaya ne."

Na karɓi kwalbar. Na jira Mai unguwa ya yi magana, sai na ga ya kama gyaran carbi. Na san abin da ke damunsa. Ta yaya zai buɗe baki ya ce wa baƙo wata shida muna aika masa abin da ba shi ba? Amma na tuna yadda na yi kwana arba'in a kan tabarma bara saboda kurkunu, ciyawa na cin gerona.

"Malam," na ce, "takarda ta ce daga inda mutane ke ɗiba."

"Ilu!" Muryar Gwaggo ce daga bayan zana. "Da ranar nan za ka ja baƙo fadama? Ba ka da tausayi?"

"Ba nisa, Gwaggo. Yanzu za mu dawo."

Muka tafi a ƙasa, yana gaba ina baya, har na wuce shi don in nuna hanya. Mun tarar da Hammawa a bakin tafki da shanunsa, wasu sun shiga har gwiwa. Ruwan ya yi kore a gefe, tsakiya kuma ja. Suka gaisa da baƙo.

"Nan dabbobi ke sha?" in ji Malam Halliru. "To mutane fa?"

"Nan ɗin dai," in ji Hammawa. "Sai dai mutane sun fi haƙuri. Jan bijimin can sai na yi masa magana da Fillanci yake yarda ya sa baki."

Malam Halliru ya tsuguna ya cika kwalba, ya ɗaga ta saitin rana. Wasu 'yan ƙananan abubuwa na ta tsalle a ciki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Ilu, wannan ka riƙa aiko mana?"

"Shi ne, Malam."

"Shi ne?"

"Shi ne, amma bayan ya biya ta hannun Gwaggo."

Na faɗa masa komai, daga ƙyalle har jema, ban rage ba. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna daɓas a kan busasshiyar laka ya kama dariya, har ya cire hula yana share ido da ita. Ya ce kwana uku suka yi a ofis, da fanka a kansu, suna lissafa hanyoyin da mutanen ƙauye za su bi su ɓata ruwa don a ba su rijiya. Wani ya ce za su zuba laka, wani ya ce kashin shanu. Shi ya sa aka hana shi faɗin yadda ake zaɓe.

"Mu goma sha ɗaya a ɗakin nan, Ilu, duk da digiri da difloma. Ba wanda ya tuna yana da gwaggo a gida."

Da dariya ta lafa sai fuskarsa ta sauya. Ya ce kwalabe shida sun ce ruwa mai kyau ne, tasa ɗaya ta ce akasin haka. Manya ba za su zubar da shida don ɗaya ba, sai in akwai bayani a rubuce daga wanda ya taɓa ruwan, da sa hannunsa. Kuma Juma'a ta sama za a rufe sunaye.

Muka koma. Na shiga gida na sami Gwaggo tana tankaɗe, ta juya mini baya.

"Ka ji daɗi. Ka nuna wa baƙo tsiraicin gari."

Na tsuguna na gaya mata abin da ake bukata.

"Ni? In dangwala yatsa a kai Kano, a riƙa karantawa ana cewa garin su Tasalla laka suke sha? Sai dai a bar rijiyar."

Ban yi gardama ba, don ban taɓa cin gardama da ita ba. Na ɗan jira ta gama ƙwarya ɗaya.

"Gwaggo, damina saura wata biyu. Bara ke kika riƙa naɗe mini kurkunu a tsinke, kullum kaɗan-kaɗan, kina kuka kina cewa hayaƙi ne. Bana ban san wa zai kama ba."

Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba. Can ta ajiye rariya, ta karkaɗe hannu, ta jawo mayafi.

"Tashi. Kai za ka rubuta, ban yarda da hannun baƙo ba."

Ta fito ƙofar gida, abin da ba ta saba yi ba in maza na zaune. Ta gaida Mai unguwa, ta gaida baƙo, ta zauna a gefen tabarma.

"Rubuta. Ni Tasalla 'yar Gwadabe, ni na tace ruwan nan. Ka sa cewa ƙyallen sabo ne, ba tsumma ba. Ka sa?"

"Na sa, Gwaggo."

"Na sa alif, na tafasa. Jema kuwa ba ni ba ce, Hajo ce. Kowa ya ɗauki nasa."

Mai unguwa ya yi tari. Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Malam Halliru ya shafa mata tawadar biro a babban yatsa, ta dangwala. Ta riƙe takardar ba ta sake ta ba.

"Ɗan nan, in ka je ka gaya musu ba ƙazanta ba ce. Abin da Allah ya hore mana ke nan."

"Zan faɗa, Inna. Da bakina zan faɗa."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba labari. Mutane suka fara cewa da an bar Malam ya cika daga randa, da ko ba rijiya akwai mutunci. Na daina zama a gindin darbejiya. Sai a mako na huɗu Ɗanmaliki direba ya tsayar da ni a kasuwar Rogo ya miƙo mini ambulan. An mayar da sunanmu, mu ne na shida. A ciki har da sabuwar takardar ɗibar ruwa da aka raba wa duk ƙauyuka, an ƙara layi ɗaya a ƙasa: kada a tace, kada a tafasa, kada a sa komai, ko da don girmama baƙo.

Na shida sai ya jira na biyar. Daminar nan a tafki muka yi ta, kurkunu ya kwantar da mutum huɗu. Sai bayan an kai dawa rumbu motar haƙa ta iso, ta yi kwana tara tana ruri a bayan masallaci.

Ranar da aka ɗaura famfo, Mai unguwa ya ce Tasalla ce za ta fara ɗiba. Ta aiko cewa ita ba yarinya ba ce da za ta yi rige-rige. Ba a jima ba sai ga ta da tulu. Na kama hannun famfo na buga, ruwa ya zubo. Ta tara tafin hannu ta kurɓa, ta juya shi a baki, jama'a na kallo.

"Ɗanɗanon ƙarfe gare shi."

"To a bar shi, Gwaggo?"

"Wa ya ce a bar shi? Buga, tulun bai cika ba."