Ranar da Na Zama Kada Don Surukina Ya Ci Abinci

Wurin wasan, irin mai manyan lilo da jiragen wasa, yana tsakanin Birmingham da Manchester, shi ya sa Raki ta zaɓe shi. Ta ce idan ni na taso daga unguwarmu Perry Barr a Birmingham, ita da mijinta suka taso daga Ardwick a Manchester, babu wanda zai ce ya fi wani shan hanya. Raki autata ce. A Birmingham aka haife ta, a can ta girma, Hausarta tana tafiya ne da sandar Turanci. Wata biyar ke nan da ta auri Muhsin, ɗan Kazaure, wanda ya zo jami'a a Manchester yana karatun duwatsu. Ni dai sai a kansa na san ana barin Kazaure a zo Ingila neman dutse.

Kwana uku ta kama mana ɗakuna a otal ɗin da ke cikin wurin.

"Baba, so nake ku saba," in ji ta. "Tun biki ba ku taɓa zama tare ba, ko na minti goma."

Wurin kuwa ya burge ni. Mutane masu hankalinsu suna bin layi na awa guda don a rataye su kai ƙasa na minti ɗaya. Akwai wata bishiya mai magana, na yi mata sallama ta amsa da Turanci, na sake yi ta maimaita abin da ta faɗa da farko. Na ƙwanƙwasa wani ƙaton dutse a bakin hanya, sai ya yi ƙara kamar ƙwarya. Na kira Muhsin na ce, "Zo ka ga wanda ba a koya muku ba." Ya zo ya rusuna, hannu a baya, ya ce, "Haka ne, Baba."

Gidan abincin da muka fara shiga, ba mutum ne ke kawo abincin ba. Wani siririn titin ƙarfe ne ya nannaɗo daga can saman rufi, tukunya da murfinta ta hau shi, ta yi juyi biyu a sama, ta zo ta tsaya a gabanka ba tare da ta zubar da ko ɗigon miya ba. Na sa aka aiko mini da dankali sau biyu don kawai in sake ganin saukarsa. Sai da na ɗago kai na lura da Muhsin. Ya ɗan juya kujerarsa gefe, shinkafarsa tana ta tururi, shi kuwa yana karanta takardar jerin abinci kamar zai yi jarrabawa a kanta.

"Muhsin, abincinka fa yana hucewa," in ji Raki.

"A ƙoshe nake."

"Da me ka ƙoshi? Tun Manchester ayaba ɗaya ka ci."

Ni kam nan take na gane. A wajenmu mutum ba ya tauna a gaban uban matarsa. Shekara tara na yi da mahaifin marigayiya Habibatu, uwar Raki, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ganin haɓata tana motsi ba. Akwai ranar da ya shigo mini ba zato ina da gyaɗa cike da baki, haka na riƙe ta a kumatu har muka gama gaisawa, ya tafi yana mini addu'ar samun sauƙin haƙori.

Zan faɗi gaskiya, abin ya yi mini daɗi. Shekara talatin da huɗu na yi ina sharar motocin bas a ƙasar nan. Na ga yara sun ci kaza a gabana sun goge hannu a kujerar da na gama wankewa. Babu wanda ya taɓa jin nauyin tauna a gabana. Yau ga mai shirin zama dakta ya kasa ɗaga cokali saboda ni. Sai na riƙa cin dankalina ɗaya bayan ɗaya, ina jan lokaci.

Da safe aka jera abinci a dogon tebur, kowa ya ɗebi son ransa. Muhsin ya ɗebo mini ƙwai da wake da burodi, shi kuma ya haɗa shayi ya riƙe kofin har ya yi sanyi. Da rana muka je wajen masu fiza, ana ajiye ta ya tuna bai tabbatar ya kulle mota ba.

Ina zaune a bakin wani tafki bayan la'asar, ina kallon wata agwagwa da ta ƙi yarda cewa jirgin ruwa mai siffar agwagwa ba uwarta ba ce, sai ga Raki ta zo ta zauna kusa da ni. Idanunta sun yi ja.

"Na kama shi," in ji ta.

"Wa?"

"Muhsin. A bayan shagon ice cream, yana cusa donot har uku a baki kamar ana bin sa. Yunwa yake ji, Baba. Da kai ne kawai ba ya son ci."

"To, me ya ce?"

"Na tambaye shi. Da bakinsa ya ce min, wai kunyarka yake ji." Muryarta ta karye. "He's ashamed of you, Baba. Don kai sharar bas ka yi, shi kuma yana PhD."

Dariya ta taso mini, na danne ta da tari. Na ce mata, "'Yar nan, kin ɗauki maganar kin kai ta Turanci, kin dawo da ita a karye. Wanda yake jin kunyarka daban, wanda kake ba shi kunya daban. Na farkon girmamawa ce."

"Wace irin girmamawa ce mutum ya ƙi cin abinci da kai?"

"Irin tamu."

"Ni ban yarda ba. Excuse ne kawai. A nan idan kana son mutum, da shi kake ci." Ta goge hanci. "Gobe ne lunch ɗinmu na ƙarshe. Idan bai ci a teburin nan ba, ni da kai za mu koma Perry Barr, shi ya kama hanyar Ardwick shi kaɗai. I mean it, Baba."

Na san da gaske take. Taurin kan uwarta ta ɗauko kaf. Sai daɗin da nake ji tun jiya ya gushe. Ina can ina shan girma, ashe gidan 'yata ne ke tsagewa.

Kafin magariba na tare Muhsin a ƙofar otal. Na ce masa na yafe, na ɗauke masa, gobe ya ci abincinsa a gabana. Ya durƙusa har ƙasa, Turawa suna kewaye shi da jakunkunansu, ya ce, "To, Baba. In sha Allahu."

Gidan abincin na ƙarshe an yi shi kamar daji. Ganyen roba yana reto daga sama, ana jin kukan kwaɗi daga cikin bango, kowane minti ashirin kuma a yi tsawa da walƙiya ba tare da ruwa ya sauka ba. Wata yarinya mai jan gashi ce ke kula da teburinmu, an rubuta Chloe a ƙirjin rigarta. Ta kawo mana kifi da dankali, faranti uku.

Muhsin ya yi bismillah. Ya ɗauki cokali mai yatsu, ya soki dankali ɗaya, ya ɗago shi. Da ya kai rabin hanya idonsa ya haɗu da nawa. Dankalin ya tsaya a sama, ya yi rawa, ya koma faranti. Ya sake gwadawa ina kallon rufi, amma ya san ina nan. Gumi ya tsatsafo masa a goshi. Raki ta sunkuya. Ta ɗauko jakarta daga ƙasa ta ɗora a cinya.

Chloe ta dawo ta tambaya ko akwai abin da ke damun kifin. Muhsin ya ce lafiyar kifi lau. A hannunta akwai wasu fuskokin dabbobi na kwali da take raba wa yara a sauran tebura, zaki da dorina da kada, kowace da robar da ake maƙalawa a ƙeya. Na yi ta kallon kadan. Yana da dogon baki da haƙora farare, da ƙananan huji biyu na ido.

Na ce mata da Turancina na gareji ta ba ni ɗaya.

"They're for the little ones, love," in ji ta.

Na ce ai ni ma ban daɗe da zuwa duniya ba, shekara saba'in da ɗaya ne kacal. Ta yi dariya ta miƙo mini.

Na cire hula, na sa kada, na mayar da hular a kansa. Ciki yana warin sabon littafi. Ta hujin ina hango Raki ta buɗe baki.

"Baba, me kake yi? Mutane suna kallo."

Na kumbura murya na ce, "Wane Baba? Malam Gimba ya fita shan iska tun ɗazu. Ni kada ne, a nan nake aiki. Kai saurayi, kifin nan ci za ka yi ko in cinye? Ka san sana'ata ce."

Muhsin ya dube ni. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya toshe baki da hannu, dariyar ta fito ta hanci. Aka yi tsawar ƙarya a daidai lokacin, wani ɗan Bature a teburin kusa ya nuna ni da yatsa yana ihu don murna.

"Sarkin ruwa," in ji Muhsin da ƙyar, "ka tabbata Baba ya yi nisa?"

"Na gan shi yana gardama da agwagwa. Ba yanzu zai dawo ba."

Dankalin ya shiga baki. Na biyu ya bi shi. Ban taɓa ganin kifi ya ɓace da sauri haka ba, har a Argungu. Ya share farantinsa, ya ja na Raki ya rage mata hanya.

"Sarkin ruwa, miƙo min gishiri."

Na miƙa masa.

"Kai fa ba ka da kunya," in ji ni. "Haka kake ci a gidanku?"

"Ai kai ba surukina ba ne."

Raki tana kallonsa, tana kallona, jakar tana nan a cinyarta. Muhsin ya goge baki, sannan ya matso kusa da dogon bakin kwalin ya rage murya, amma ba sosai ba.

"In ka ga Baba, ka ba shi saƙo. Ka ce masa tun da mahaifina ya rasu ban sami wanda nake jin nauyinsa kamar shi ba. Ni ba zan iya faɗa masa ba."

Kwalin ya yi mini amfani a nan, don ban so su ga fuskata ba. Na ce zan isar.

Raki ta sauke jakar ƙasa a hankali. Ta ce, "Ku biyun nan ba ku da lafiya, wallahi." Ta ɗauki dankali ɗaya ta jefi mijinta da shi. "Shi ne ba za ka yi min bayani da Turanci ba?"

"Na duba, babu ita a Turanci."

Sai a lokacin cikina ya yi ƙugi. Kifina ya huce, kuma bakin kada ba ya buɗewa. Na kai hannu zan cire, Muhsin ya zabura.

"Tsaya, tsaya! Kada Baba ya dawo ya same ni a zaune a gaban farantinsa." Ya ɗaga wa Chloe hannu, ya roƙi dorina. Ya sa ta, ya gyara zama, ya naɗe hannu a ƙirji. Ni kuma na cire kada na fara cin kifina mai sanyi a gaban dorina.

"Idan kun gama," in ji Raki, tana ɗaukar mu hoto, "sai mu sauke Baba a Perry Barr mu wuce gida. Muhsin, kai za ka tuƙa. Amma ka cire wannan abin kafin mu hau motorway."